Mulufin Tawa

Jiya aka yi sadakar arba'in ta Innarku. Da mutane suka watse na zauna a zaure, sai na lura cewa yanzu babu sauran mai rai da ya ji abin da ya gudana tsakanina da kakanku a shekarar da ya rasu, sai ni kaɗai. Kun tashi kuna jin Gwaggonku Kulu, Allah ya jiƙanta, tana cewa na bar ubana a kan tabarmar mutuwa na tafi yawon neman ƙyalle. Kunya ta hana ku tambayata, ni ma ban taɓa ɗauko maganar ba. Gwaggonku ba ƙarya ta yi ba. Amma ba ta faɗi duka ba, don ba ta san duka ba. Karatuna bai wuce allo ba, boko kuwa sai da furfura ta fito na koya a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka zan faɗa muku yadda abin ya zo, ba ƙari.

Gidanmu gidan ɗinki ne tun kaka da kakanni, ɗinkin hannu, kafin keken ɗinki ya shigo Illela. Abin da aka fi sanin Baba da shi aikin mulufi ne. Ku ba ku tarar da mulufi ba. Jan yadi ne mai kauri, na gashin tumaki, wanda ayari ke ƙetaro hamada da shi ta Agadas. Da shi ake yin alkyabba da jabba da kayan sirdi. Sa'ad da Nasara suka zo suka raba ƙasa, Ingilishi suka ɗauke mu, Faransa suka ɗauki Ƙonni inda kawunnaina suke, ko da yake mai ƙafa zai bar nan da safe ya yi hantsi a can. Bayan wannan jirgin ƙasa ya iso Kano, kayan kanti suka cika kasuwa, ayarin hamada ya yi ta raguwa har ya zama labari. A shekarar da nake ba ku labari na kusa talatin, shekarata biyu da auren Innarku, ba a haifi ko ɗayanku ba. Yanar ido ta rufe idon Baba, ba ya ganin komai sai haske da duhu, kuma tun damina tari ya kama shi bai sake shi ba. Ni ke riƙe da allura, amma shi ke riƙe da sana'ar, don ba a sa wa yadi almakashi a zaurenmu sai ya shafa shi da hannunsa.

Wata Laraba cikin watan Rajab, Malam Sani ya yi sallama da ƙunshi biyu a hammata. Shi ne babban ɗan Malam Babba, mai makarantar da ke gabas da kasuwa, inda ni ma na yi allo. A gidansu akwai wata alkyabba ta mulufi da kakan Malam Babba ya bari. Sau ɗaya ake sa ta a shekara, ranar rufe tafsiri a ƙarshen azumi. Mai jan baƙi ya zauna a gefe, mai fassara ya yafa ta, unguwa duka ta taru. Malam Sani ya kwance ƙunshin farko ya shimfiɗa, sai ga alkyabbar, asu ya shiga adaka ya cinye bayanta da kafaɗa ɗaya, har kana hango tabarma ta cikinta. Ya kwance na biyu, sai ga sabon yadi ja wur yana ƙyalli.

"Baba Garba, ga aiki," in ji shi. "Malam ya ce a ɗinka wata awa wagga, kar a ƙara kar a rage. Ga yadi na sawo a kanti a Sakkwato. Sai dai in an zo ƙasa a yi mata kalmasa, don tsohuwar ko kalmasa babu. Da alama mai ɗinkin bai ƙarasa ba."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Bai ƙarasa ba? Sani, kakana ya yanka ta. Miƙo mini bakinta."

Ya bi gefen alkyabbar da babban yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ya kamo hannun Malam Sani ya ɗora a wurin.

"Ka ji zare ko ɗaya ya fito? Mulufin ƙwarai ba shi son kalmasa. Yadda almakashi ya bar shi, haka shi ke zama har mai shi ya mutu, har jikansa ya mutu. Mamman, kawo mini garwashi."

Na kawo a kasko. Ya sa na tsinko ɗan zare daga inda asu ya ci na ɗora a wuta. Bai kama da harshe ba, ya dunƙule ya yi baƙi, ya tashi da ƙauri irin na kan rago ranar layya. Na tsinko na kanti na ɗora, ya ci bal kamar auduga, ya bar farar toka. Baba bai ga ko ɗaya ba, hancinsa ya gaya masa. Ya ce in jiƙa kusurwar sabon yadin in goga a farin ƙyalle. Na goga, ƙyallen ya yi ja.

"Ya zuba ko?" in ji Baba. "In Malam ya yi gumi cikin wanga, taguwarsa ta ciki sai ta fito awa ta mahauci."

Malam Sani ya ji nauyi, don da zuciya ɗaya ya sayo. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, Malam idonsa ya yi rauni. In an ɗinka ba zai gane ba."

"Ni ma nawa idon ya tahi," in ji Baba. "Ga shi kuwa na gane."

A nan maganar yadin kanti ta mutu. Kashegari Malam Babba ya aiko da ƙunshin turkuɗi, wancan baƙin yadi mai sheƙi da Buzaye ke so, ya ce a nemo mulufi a musanya. Baba ba ya iya tafiya, saboda haka ni aka aika Ƙonni. Na wuce 'yan duwan, wato 'yan kwastan na Faransa, suka buɗe kayana suka shafa turkuɗin har hannunsu ya yi shuɗi, suka bar ni. Kawuna ya kai ni wurin wani ɗan kasuwa, ya fito mini da jan yadi mai nauyi. Na ƙona zarensa, ya yi ƙaurin rago. Na jiƙa na goga, bai zuba ba. Na ce ya bari in ɗan yanka, ya ɗaure fuska ya ce ba a sa almakashi a kayan da ba a saya ba, kuma ko ban ga kawuna a tsaye ba? Na ji kunya. Na ba shi rabin turkuɗin na ɗauko yadin, na dawo gida kafin la'asar ina jin kaina wani abu.

Baba ya karɓa, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya goga a leɓensa na ƙasa. Ya nemi almakashi ya yanki kusurwa, ya karce bakin da farce. Ina kallo zare ya fara fitowa, ɗaya, biyu, har ya taru a cinyarsa.

"Gashin tumaki na, ba su cuce ka ba," in ji shi. "Amma saƙa kawai anka yi masa, ba a dake shi ba. Mulufi bayan saƙa sai an jiƙa shi an yi ta duka har gashin ya kama juna, ka duba ba ka ganin saƙar. Wanga in ka ɗaga shi a rana sai ka ƙirga zarensa. Ka yanka kafin ka saya?"

"Ya hana, Baba."

"Ya hana, kai kuma ka ji kunya. To ga kunyar nan ka ɗauko a ka tun daga Ƙonni."

Ni na je da ƙafata na gaya wa Malam Babba na ɓatar da rabin amanarsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce in an samu mulufin da sauran, madalla, in ba a samu ba a rufe tafsiri da farar riga, Allah ba alkyabba yake duba ba. Ina so ku riƙe wannan, domin gaskiya ce da ba ta taimake ni ba: gidan Malam ba su matsa mana ba. Abin da ya biyo baya daga gidanmu ya fito.

Kawuna ya taɓa ambata mini wani tsohon madugu a garin Tawa, can cikin ƙasar Faransa, mai suna Agali, wanda aka ce yana da ragowar mulufi daga ayarinsa na ƙarshe, ya hana kowa gani. Tawa tafiyar kwana biyar ce da jaki. Sha'aban ya riga ya kama, kuma a makon nan ƙafafun Baba suka kumbura, ya daina fitowa zaure. Yaya Kulu ta zo daga Gidan Katta inda take aure don ta yi jinyarsa. Da ta ji ana maganar Tawa ta tare ni a tsakar gida, muciya a hannunta.

"Tawa? Kai Mamman, kana da hankali kuwa? Ba ka ga ƙafarsa ba? Ni na ga ƙafar Inna kafin ta tahi, haka ta yi."

"Yaya, kwana goma ne kawai."

"Kawai! Wa ya ba ka kwana goman? Mai alkyabbar da kansa ya ce a bari. Kai mi naka a ciki?"

A raina na fara yarda da ita. Da yamma, tana can bayan gida tana wanke kayansa, Baba ya aiko Innarku ta kira ni. Ta kawo masa kunu ne, ta durƙusa a bakin ƙofa tana fifita shi, don haka ta ji komai. Yana zaune ya jingina da bango, tsohuwar alkyabbar a cinyarsa.

"Na ji Kulu," in ji shi. "Duk unguwa ta ji Kulu. Gobe ka tahi."

"Baba, jikinka."

"Jikina nawa na. In ka zauna, kana iya hana shi abin da zai yi? Ba ka iya komi sai kallo, kuma kallo Kulu ta ishe ni." Ya yi tari, Innarku ta miƙa masa ruwa. "Saurara. Kakana ya yanka wagga. Ubana ya gyara mata tuntu. Ni na sake mata ɗinkin wuya. In ta mutu a hannunmu, anka maye ta da abin da ke tsefewa, to abin da munka sani ya ƙare, kai kuma ka zama mai ɗinka taguwa awa kowa. Ban da abin bar maka sai wanga."

Ya lalubo ƙaramin almakashinsa ya yanko ɗan ƙyalle daga gefen da asu ya ɓata, ya haɗa da almakashin ya damƙa mini.

"Ka ƙona, ka goga, ka yanka. Sannan ka jiƙa shi ya kwana a ruwa, ka shanya a rana ya bushe, ka murza bakin. Wani yadin shina riƙe bakinsa a bushe, ruwa na taɓa shi ya saki. Kar ka miƙa turkuɗin mutane sai ka gama duka. Ko ka ji na mutu, kar ka bar Tawa sai ka gama. Ka ji?"

Na sunkuyar da kai ina juya almakashin a hannuna.

"Amarya," ya ce wa Innarku, don haka yake kiranta har ya rasu, "ke kin ji?"

"Na ji, Baba," in ji ta, kanta a ƙasa.

"To ke ce shaida. Mijinki kurma na."

Na tashi da asuba. Yaya Kulu ba ta fito ba. Ba zan cika ku da labarin hanya ba. Na bi wasu fatake daga Ƙonni, muka shiga ƙasar Adar, duwatsu da ƙaya da rijiyoyi masu zurfi, muka isa Tawa ranar ta biyar. Na yi kwana biyu ina zarya kafin Agali ya yarda ya gan ni. Dogon tsoho ne, naɗe da rawani har hanci, zaune a kan buzu a inuwar bukka. Ya saurare ni har na gama, ya ce ba shi da komai. Sai na ciro ƙyallen da Baba ya ba ni na ajiye a gabansa. Ya ɗauka ya juya, ya sa shi ƙarƙashin rawani ya sansana, ya bi bakinsa da yatsa kamar yadda Baba ke yi.

"Wa ya yanka wannan?"

"Kakan ubana."

"Ubanka yana raye?"

"Na baro shi da rai."

Ya kira wata tsohuwa ta jawo jakar fata daga ƙarƙashin gado. Da aka kwance, ƙanshin ganyen taba da kanumfari ya tashi, da su ya kare shi daga asu shekara da shekaru. Mulufin bai kai na kanti haske ba. Jansa ya yi duhu, kamar zoɓo da ya jiƙu sosai. Na ɗaga shi a rana, ko ɗigon haske bai ratso ba. Na shafa, gashinsa ya kwanta gefe ɗaya sumul. Na ƙona, na goga, duka ya wuce. Sannan na ciro almakashi.

"Ba a yanka," in ji Agali.

Maganar Ƙonni ce ta dawo. Na mayar da almakashin aljihu, na fara ɗaure turkuɗina. Na ce masa, "Baba madugu, na taɓa jin kunya sau ɗaya, na kai ta gida, makaho ya gane. In ba a yanka, ba na saya."

Ya dube ni. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na gane dariya yake yi cikin rawani.

"Yatsa biyu," ya ce. "In ka wuce yatsa biyu, na yanke naka."

Na yanka. Na karce da farce, bai saki ba. Na auna shi da yatsuna don in san ko zai tsuke, na jefa a ƙwarya na zuba ruwa. La'asar ta yi ke nan. Na fita masallaci, a nan na haɗu da Na-Allah, wani mutumin garinmu mai fataucin goro, wanda ya iso ranar. Ashe tun safe yake cigiyata a kasuwa.

"Mamman, yayarka ta ce in na gan ka in ce maka ka aje komi ka taho. Tun ranar da na baro, tsohon ya daina cin abinci. Kunu ma sai an matsa."

Na koma bukkar Agali na tsaya a kan ƙwaryar. Abu uku ne a gabana. In bar mulufin in kama hanya hannu wofi. In miƙa sauran turkuɗin Malam in ɗauka ba tare da na gama gwaji ba, in kuwa ya saki a ruwa, ba mai mayar mini. Ko in jira gobe. Agali ya ji saƙon, ya ce, "Yaro, ɗauka ka tafi. Mulufina ba ya ƙarya." Na ce masa ɗan kasuwar Ƙonni ma haka ya faɗa. Bai ji haushi ba, ya gyaɗa kai kawai.

Na jira. Zan so in ce muku umarnin Baba ne kaɗai ya zaunar da ni, amma na yi alkawarin ba zan yi ado ba. Akwai umarninsa. Akwai amanar Malam da na riga na ɓatar da rabinta. Akwai kuma wani abu nawa: ban iya jure in sake tsayawa a gabansa zare na zuba a cinyarsa ba. Na gwammace in makara da in koma da abin da ban tabbatar ba. Wanne ya fi nauyi a cikin ukun, har yau ban sani ba.

Da gari ya waye ruwan ƙwaryar fari tas. Na shanya ƙyallen a kan danga, na zauna kusa da shi ina kallon inuwa tana tsukewa. Ban taɓa ganin rana mai nawar tafiya kamar ta ranar ba. Da azahar ya bushe. Na auna, yatsa biyu cif. Na murza bakin, na karce, na naɗe shi a yatsa na ja. Ko gashi ɗaya bai fito ba. Na miƙa wa Agali turkuɗin, na ɗaure mulufin a bayana, na bar wa Na-Allah jakina ya taho mini da shi, na kama hanya da ƙafa. Tafiyar kwana biyar na yi ta a huɗu.

Na shigo Illela da hantsi. A bakin kasuwa wani mai sayar da igiya, wanda kullum yake tsokanata, ya gan ni ya miƙe tsaye ya cire takalmi. Bai tsokane ni ba. Ya ce, "Sannu da haƙuri, Mamman." A nan na sani. Baba ya cika jiya bayan azahar, an kai shi da la'asar. Da na baro Tawa a lokacin da saƙo ya same ni, da na same shi da rai, ko da na ɗan lokaci ne. Na juya wannan a raina fiye da yadda zan iya faɗa, kuma kullum haka yake fitowa.

Zaure cike da masu gaisuwa. Na wuce cikin gida da ƙunshin a bayana, don na manta ma yana nan. Yaya Kulu na zaune a ƙofar ɗakinsa, idonta ya kumbura. Ta dube ni, ta dubi ƙunshin.

"Ka samo?"

"Na samo, Yaya."

"To shiga ka shimfiɗa masa ya taɓa."

Ba ta ƙara ce mini komai ba har ta koma Gidan Katta, kuma sai da muka shekara uku kafin ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya. Ban gaya mata abin da Baba ya ce ba. Da na faɗa, da kamar ina ɗora wa mamaci laifina ne. Innarku ta so ta yi magana, na hana ta.

Azumi ya kama, mulufin yana rataye a ɗaki ban kwance shi ba. Malam Sani ya zo gaisuwa sau biyu, bai ambaci alkyabba ba. Ranar goma ga wata, ina zaune a zaure bayan sallar asuba ba na yin komai, Innarku ta fito, abin da ba ta saba ba, ta ajiye ƙunshin a gabana ta durƙusa.

"Maigida, akwai abin da ban gaya maka ba. Kullum da safe in na kai masa kunu sai ya ce, 'Amarya, ya dawo?' Yaya tana jin wannan daga tsakar gida, sai ta fashe da kuka. Amma ba ta jin sauran, don muryarsa ta yi ƙasa. In na ce bai dawo ba, sai ya ce, 'Madalla. Shina gwadawa ke nan.' Har ranar ƙarshe haka ya ce."

Na ce, "Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Tashi ka yanka, kwana na tafiya. Ni zan riƙe maka."

Muka share zauren muka shimfiɗa sabuwar tabarma. Na farke tsohuwar alkyabbar ɗinki bayan ɗinki, na shimfiɗa gutsattsarinta a kan sabon mulufin don su zame mini ma'auni. A cikin wuya na tarar da ɗinkin Baba, na gane shi, don yana karkata allura hagu. Ƙarƙashinsa akwai wani ɗinkin da ya fi ƙanƙanta, wanda ban san mai shi ba sai a labari. Mulufin ya isa da ƙyar, ba wurin kuskure. Na kusa juya gefe ɗaya don in rage asara, Innarku ta shafa ta ce, "Wannan gashinsa sama ya nufa, wancan ƙasa." Da na yanka haka, da rabin alkyabbar ya fi rabi duhu a rana, kowa ya gani. Ashe duk zaman da take yi a bakin ƙofa da kunu, tana ji. Na gyara. Ta danne yadin da tafukanta biyu, na yi bismilla na sa almakashin Baba. Wannan ne yadi na farko da aka yanka a zaurenmu bai shafa ba.

Kwana goma sha biyar na yi ina ɗinki, da azumi a bakina, daga fitowar rana har haske ya gaza. Na mayar da tsohon tuntu a hular alkyabbar, na mayar da igiyar alharinin gaba. Ban yi mata kalmasa ba. Ranar rufe tafsiri Malam Babba ya yafa ta ya zauna, na tsaya can baya. Da aka shafa fatiha ya ce a ƙara ɗaya ga Garba maɗinki. Yana magana yana bin bakin alkyabbar da babban yatsa, ban sani ba ko ya san yana yi. Yanzu jikansa ke sa ta. Kun sha ganinta, ba ku san ta shafe ku ba.

Abin da ya rage shi ne wanda ya fi mini wuyar rubutawa. Na zauna da Innarku shekara kusan hamsin, ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Amma mace ce mai tausayi, kuma ta ga halin da nake ciki a wannan azumin. Sau da yawa na yi niyyar in tambaye ta ko da gaske Baba ya ce madalla, ko ita ce ta ce don in tashi. A jinyarta ta ƙarshe ma maganar ta zo mini har baki, ina riƙe mata kofi. Na haɗiye. Na ga in gaskiya ne, na zarge ta a banza. In kuwa ba gaskiya ba ne, to kyauta ce ta yi mini, kuma ba a mayar wa mutum kyautarsa yana kan hanya. Yanzu ta tafi da amsar.

Saboda haka ban ce muku na yi daidai ba. Umarnin da Baba ya ba ni, da kunnena na ji shi, wannan na tsaya a kai. Jiran da na yi a Tawa ni na zaɓa, kuma da za a mayar da ni gaban ƙwaryar nan, ina jin jiran zan sake yi, in sake biyan abin da na biya. Kar ku riƙe Gwaggonku da komai. Ita ta wanke masa ƙafa, ita ta rufe masa ido, ni ina hanya.

A cikin adakata, ƙarƙashin Alƙur'ani, akwai ƙaramin almakashi da jan ƙyalle faɗin yatsa biyu, naɗe da ganyen taba. In kun zo raba kayana kar ku ɗauka tsumma ne ku zubar. Kowannenku ya ɗauka ya murza bakinsa da babban yatsa. Ni na murza shi yau da safe kafin in fara rubutun nan. Bai saki ba.